Dodon Frankenstein da ubangidan da ya gudu

A wani shirin rediyo da na saurara kwanan baya, ana tattauna ƙirƙirarriyar basira da haɗarinta, sai ɗaya daga cikin baƙin ya jawo labarin Frankenstein. Mutum ne mai ilimi, ga iya zance. Ya ce darasin labarin ba ya buƙatar dogon bayani: wani Bature ya yi wa Ubangiji shisshigi, ya harhaɗa dodo da sassan gawa, dodon ya juyo ya hallaka shi. Mai gabatar da shirin ya ce ƙwarai kuwa, aka shiga wata maganar.

Ni dai abin ya tsaya mini a wuya. Ba ƙarya ya faɗa ba, amma ya ɗauki ɓangaren da ba ya taɓa kowa, ya bar mai cizon. A cikinmu babu wanda zai taɓa ɗinka gawa ta tashi, don haka gargaɗin kada a yi hakan gargaɗi ne mai arha. Kowa zai gyaɗa kai ya tafi gida.

Ga matsayina. A littafin da Mary Shelley ta rubuta, babban laifin Victor Frankenstein ya faru ne bayan abin ya buɗe ido, lokacin da ya juya baya ya cika wa rigarsa iska. Tausayin da mai karatu ke ji wa dodon kuma yana kan hanya, marubuciyar ce ta gina shi da gangan. Sai dai tausayin ba ya wanke jinin da ke hannun dodon, kuma a nan ne masu ra'ayi irin nawa suka fi zamewa.

Ga wanda bai san littafin ba: Mary tana da shekara 18 ta fara shi, a 1816, a gaɓar tafkin Geneva da ke Suwizalan. Shekarar ta zo da sanyi da ruwan sama marar yankewa saboda tokar da dutsen Tambora na Indunusiya ya amayar a 1815. Ita da Percy Shelley, wanda ta aura daga baya, da mawaƙi Lord Byron da wasu suka maƙale a ɗaki, sai Byron ya ce kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Nata ya fito a Landan a Janairun 1818, kwafi 500, ba tare da sunanta ba. Yana cikin jerin labaran da Turawa ke kira gotik, masu tsofaffin gidaje da maƙabartu da fatalwa. A zamanin ana ta gwajin lantarki a kan gawa. A 1803 Giovanni Aldini ya jona wa gawar wani da aka rataye a Landan wuta, muƙamuƙinta ya motsa, ido ɗaya ya buɗe.

Mu mun sani rai na Allah ne, ba mai hura shi sai Shi. Ƙagaggen labari cewa kawai yake yi, a ƙaddara hakan ta faru, to sai me? Amsar wannan tambayar ce ta cinye kusan duk littafin.

Daren da abin ya tashi

Victor ɗalibi ne a jami'ar Ingolstadt da ke Jamus, ɗan gidan masu hali daga Geneva. Ya kwashe kusan shekara 2 a wani ɗaki can saman bene, yana kwaso kayan aikinsa daga ma'ajiyar ƙasusuwa da ɗakin fiɗar gawa da kwata. Bai shawarci malaminsa ba, bai gaya wa mahaifinsa ba, wasiƙar gida ma ya yi watsi da ita.

Abubuwa biyu ya faɗa da bakinsa waɗanda suka ishe ni shaida. Na farko, me ya sa abin ya kai ƙafa 8 a tsayi? Victor ya ce ƙananan sassan jiki suna rage masa sauri, sai ya canza shawara ya yi shi ƙato. Wato girman da ya sa duk wanda ya hango dodon ke zubar da kaya ya gudu, gaggawar Victor ce ta jawo shi. Wani ne zai ɗauki wannan jikin har mutuwa, don shi mai ɗinkin ba ya son ɓata lokaci.

Na biyu, abin da yake mafarki tun kafin ya gama. Ya ce wani sabon jinsi zai riƙa sa masa albarka, kuma babu uban da ya cancanci godiyar ɗansa kamar yadda shi zai cancanci tasu. Ya riga ya lissafa godiyar da za a yi masa. Abin da zai ci, inda zai kwana, wanda zai koya masa magana, yadda mutanen gari za su karɓe shi, ko ɗaya bai zo masa a rai ba.

Sai wani dare a watan Nuwamba, wajen ƙarfe 1, ana ruwa, kyandir ya kusa cinyewa, abin ya buɗe idonsa mai ruwan ɗorawa ya ja numfashi. Victor ya dube shi, ya ga muni, ya fice. Ya shiga ɗakin kwanansa ya yi ta kai da komo har barci ya ɗauke shi. Da ya farka sai ya ga abin tsaye a kansa ya ɗaga labulen gado, yana fitar da wasu sautuka marasa ma'ana, kumatunsa sun yamutse kamar mai murmushi, ya miƙo hannu ɗaya. Victor ya ce da alama so yake ya riƙe shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan jariri ya san wannan miƙa hannun. Victor ya dira ƙasa da gudu, ya kwana a tsakar gida.

Za a ce ai kowa ma sai ya gudu. Na yarda, tsoron dare ɗaya ba abin tuhuma ba ne, ko da yake shi ya zaɓi fuskar nan da hannunsa kuma ya yi watanni yana kallonta. Abin da ya biyo baya ne ba shi da uzuri. Da gari ya waye ya haɗu da amininsa Henry Clerval, suka dawo masauki tare, ya riga shi hawa sama ya leƙa, ya tarar ba kowa. Sai ya tafa hannu don murna. Ƙato mai ƙafa 8, wanda bai san wuta ba bai san ruwa ba, ya fita cikin gari da hunturu, shi kuwa wanda ya jawo shi duniya tafi yake yi. Ya yi jinya ta watanni, ya warke, ya koma karatun harsunan Gabas da yawon shan iska da Clerval. Kusan shekara 2 bai nemi sanin inda abin ya shiga ba. Ko suna bai raɗa masa ba, abin da ko uban da ya fi kowa talauci yake yi.

Ai ita kanta marubuciyar ta ce shisshigi ne

Wannan ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma tana da ƙarfi. Mary ta yi wa littafin laƙabi da Prometheus na zamani, wato gwarzon tatsuniyar Girkawa da ya sato wuta daga sama aka azabtar da shi. A gabatarwar da ta rubuta wa bugun 1831 kuma ta faɗa a fili cewa yunƙurin ɗan Adam na kwaikwayon aikin Mahalicci abin firgici ne.

Ban musa ba. Aikin da aka yi a ɓoye, cikin gaggawa, don neman suna, tun ran gini ran zane. Amma a duba Prometheus ɗin da kyau. A tatsuniyar, azabar da ya sha saboda mutane ya sha ta, ya ga suna cikin duhu da sanyi ya kawo musu wuta. Na zamanin kuwa barin nasa ya yi ya gano wuta da kansa a daji, ya cusa hannu a garwashi ya ƙone. Ina ganin akwai baƙar magana a cikin laƙabin.

Sannan a duba inda ta kashe tawadarta. Yadda aka haɗa dodon 'yan shafuka ne, sirrin ma Victor ya ƙi faɗa. Amma a tsakiyar littafin ta ba dodon babi 6 cur yana ba da labarinsa da bakinsa. Marubucin da gargaɗi kan ɗakin gwaji kawai ya dame shi ba zai yi wannan rabon ba.

Kuma ta san ciwon. Mahaifiyarta, Mary Wollstonecraft, ta rasu kwana 11 da haihuwarta. Mahaifinta William Godwin, malamin falsafa mai wa'azin adalci, ya daina yi mata magana bayan ta gudu da Percy a 1814, amma bai daina neman kuɗi a hannun Percy ɗin ba. Shi Percy ya bar matarsa ta fari da ciki da ƙaramar 'ya. Jaririyar Mary ta fari ta rasu a 1815 ba ta cika mako 2 ba. Ba na cewa littafin tarihin rayuwarta ne, amma yarinyar da ta ga wannan duka kafin ta kai 20 ta san abin da ake nufi da a kawo ka duniya a bar ka. Godwin ɗin ta sadaukar wa littafin.

Abin da dodon ya ce

Ya yi yawo a daji yana cin 'ya'yan itace. Ƙauyen farko da ya shiga, yara suka yi ihu, aka bi shi da jifa. Sai ya ɓuya a wata 'yar rumfa da ke jingine da bukkar wasu Faransawa da aka koro daga ƙasarsu: tsoho makaho mai suna De Lacey, da ɗansa Felix da 'yarsa Agatha. Ta wata 'yar kafa yake leƙensu, kusan shekara guda.

Da farko yana satar abincinsu da dare. Da ya lura matasan nan suna haƙura da yunwa su ajiye wa tsohon, sai ya daina, ya koma cin saiwa da 'ya'yan itace. Ya riƙa ɗaukar gatarin Felix cikin dare yana saro musu itace, yana share musu ƙanƙara a hanya. Ba wanda ya koya masa wannan. Magana da karatu kuwa ya tsince su ne a bayan bango, lokacin da Felix ke koya wa Safie, 'yar wani attajiri Baturke, Faransanci. Ya tsinci littattafai 3 a daji ya karance. Sannan ya karanta takardun da ke aljihun rigar da ya ɗauko daga ɗakin Victor, ya ga yadda aka haɗa shi dalla-dalla, da irin ƙyamar da mai haɗa shi ya rubuta a kansa.

Ya yi shiri na watanni, ya jira ranar da tsohon ke shi kaɗai, ya ƙwanƙwasa. Makahon ya saurare shi, ya ce masa akwai wani abu a maganarsa da ke nuna gaskiya yake faɗa, ya yi alkawarin taimako. Mutum ɗaya ke nan a duk littafin da ya karɓe shi hannu biyu, shi ma don ba ya gani. Ana cikin haka matasan suka dawo. Agatha ta suma, Safie ta fita da gudu, Felix ya rufe shi da sanda. Dodon ya ce da ya so da ya yaga shi, amma bai rama ba. Iyalin suka tashi daga gidan, shi kuma ya cinna wa bukkar wuta. A hanyarsa ta zuwa Geneva ya tsamo wata yarinya da kogi ya ja, mutumin da ke tare da ita ya ɗirka masa bindiga a kafaɗa.

Wani zai ce, ina shaida? Bakinsa kawai muka ji, kuma Victor da kansa ya gargaɗi Walton, matuƙin jirgin ruwan da ya tsince shi a kan ƙanƙarar arewacin duniya, cewa dodon yana da daɗin baki, kada ya ruɗe shi. To amma ta bakin wa labarin dodon ya iso mana? Ta bakin Victor, babban maƙiyinsa. Shi ya maimaita wa Walton shi, har ya karɓi rubutun Walton ya yi masa gyara. Ga kuma kwafin wasiƙun Felix da Safie da dodon ya ba shi, Walton ya gani da idonsa. Shaidar da ta bi ta hannun abokin gaba ta fito da ƙarfinta ba abin yarwa ba ce.

Amma fa ya kashe yaro

Nan ne nake rabuwa da masu son a wanke dodon tas. Ya shaƙe William, ƙaramin ƙanen Victor. Gaskiya ne da farko niyyarsa ya kama yaron ya rene shi ya zama abokinsa, yana zaton ƙaramin yaro bai koyi ƙyama ba. Amma da yaron ya ambaci sunan Frankenstein, da saninsa ya kashe shi, kuma ya ce zuciyarsa ta cika da murnar nasara.

Abin da ya yi bayan nan ya fi muni, don babu zafin zuciya a ciki. Ya cire hoton da ke wuyan yaron ya saka a tufar Justine Moritz, mai aikin gidan, wadda ba ta taɓa yi masa komai ba. Ya san abin da zai biyo baya, shi da kansa ya ce darussan Felix da dokokin 'yan Adam masu zubar da jini sun koya masa yadda ake ƙulla sharri. Wanda ya iya ƙulla wannan ya san daidai ya san kuskure. Hankalin nan da ya sa muke tausayinsa shi ne kuma ya sa dole a tuhume shi. Ba za a ce yana da zuciyar mutum lokacin saran itace, sannan a ce dabba ce marar alhaki lokacin kisa ba.

Mary ba ta ɓoye wannan ba. A ƙarshe, da dodon ya zo yana kuka kan gawar Victor, Walton ya kira shi munafuki, ya ce ya yi kama da wanda ya cinna wa gidaje wuta sannan ya zauna cikin toka yana makoki.

To amma a tsaya kan Justine, don shari'arta ce ta fi tona asirin kowa. An ɗauko ta gidan tun tana 'yar shekara 12. Dodon ya ɗana tarkon. Kotu ta yanke hukunci kan hoto a aljihu. Limamin cocinta ya yi ta yi mata barazana da kora daga addini da wutar lahira har ta amsa laifin da ba ta yi ba. Elizabeth, wadda Victor zai aura, ba ta da wata hujja a hannu amma ta miƙe a kotu ta kare ta. Mutum ɗaya ne a zauren ya san gaskiya, wato Victor. Ya riga ya hango dodon cikin walƙiya kusa da inda aka yi kisan, ya kuma tabbata a ransa shi ne. Ya yi gum. Dalilinsa, za a ce ya haukace.

Wataƙila da an ce hakan. Wataƙila da maganarsa ba ta cece ta ba. Amma bai gwada ba, ya auna mutuncinsa da ran 'yar aiki ya ga mutuncinsa ya fi nauyi. Har ya iya buɗe baki ya ce azabar da wadda ake tuhuma ke sha ba ta kai tasa ba, tunda ita tana da rashin laifinta da za ta jingina da shi. Ita aka kashe, shi ne abin tausayi. Duk lokacin da na zo wannan wurin sai in ji na fi jin haushinsa a kan daren Nuwamba.

Mu nan ba sai an tono gawa ba muka san yadda ake haɗa irin wannan dodon. Zaɓe ya matso, a tara samari marasa aikin yi, a ba su ƙwaya da 'yan canji da abin sara, a nuna musu wanda za su tsorata. An rantsar, a canza lambar waya. Bayan 'yan watanni su ne ke tare lungu suna ƙwacen waya, kuma wanda ya tara su yana sahun gaba wajen kiran a yi maganinsu. Uwar da aka soke wa ɗa saboda waya ba ta son jin tarihin yarintar wanda ya soke shi, kuma tana da gaskiya, a hukunta shi. Amma shari'ar ba ta cika ba muddin wanda ya saya masa wuƙar yana zaune a kujerar gaba ana gaishe shi da ranka ya daɗe. Tsuntsun da ya ja ruwa aka ce shi ruwa kan doka. A wannan harkar, kamar a gidan su Victor, wasu yake fara dokewa.

Inda Victor ya fi kusa da gaskiya

Da suka haɗu a kan ƙanƙarar duwatsun Chamonix, dodon bai nemi dukiya ko mulki ba. Ya ce kamata ya yi ya zama wa Victor kamar Adamu, amma an mai da shi kamar Shaiɗan, kuma ko Shaiɗan yana da abokai. Ya roƙi a yi masa mace irinsa, mummuna kamarsa, su tafi dazukan Kudancin Amurka kada a sake ganinsu. Victor ya amsa cewa a nan ne karo na farko da ya ji akwai haƙƙin abin da ya haɗa a wuyansa. Ya ce tausayi ya kama shi, amma da ya sake duban ƙazamin jikin yana motsi yana magana sai zuciyarsa ta tashi.

Ya yarda, ya tafi wani tsibiri a Orkney, arewacin Sikotlan, ya fara aiki. Ya yi nisa sai ya tsaya ya yi tunani. Idan ta fi shi mugunta fa? Alkawarin tafiya daji shi ya ɗauka, ita ba ta ɗauka ba. Idan ta ƙi shi fa? Idan suka hayayyafa fa? Sai ya yayyaga ta.

Masu tausayin dodon suna kiran wannan cin amana. Ni a nan ina bayan Victor. Wannan ne karo na farko da ya yi tunani kafin ya aikata, kuma tambayarsa kan yardar ita macen tambaya ce ta gaskiya. Ba a haɗa rai don a biya bashin wani da shi. Kuskure na biyu ba ya gyara na farko.

Sai dai dubi yadda ya yi. A gaban idon dodon ya yaga ta, yana leƙe ta taga. Bai ba shi komai a madadi ba. Abin da dodon ke nema tun farko shi ne wani mai rai da zai zauna da shi ba tare da ƙyama ba, kuma akwai mutum ɗaya da wannan ya wajaba a kansa. Bai taɓa cewa to ga ni ba. Bai taɓa tunanin ya kai shi gaban mahaifinsa ko wani malami ya ce ga abin da na yi, ku taya ni ba.

Da dodon ya yi masa alwashin zai kasance tare da shi a daren aurensa, Victor ya ɗauka shi za a kashe, alhali ya ga an bi ta kan William da Justine, ga Clerval ya biyo baya. Ya auri Elizabeth bai gaya mata abin da ke bin su ba, ya ce sai washegarin biki. A daren ya tura ta ɗaki ita kaɗai, shi yana zagaye da bindiga yana jiran a zo masa. Sai da aka kashe ta, baƙin ciki ya kashe mahaifinsa, sannan ya je gaban alƙali a Geneva ya faɗi labarin da ya kamata ya faɗa ranar shari'ar Justine. Ihu bayan hari.

Yadda aka rufe wa dodon baki

Baƙon rediyon nan ba shi ya ƙago fahimtarsa ba, gadonta ya yi. Tun 1823 aka mai da littafin wasan kwaikwayo a Landan, wanda Richard Brinsley Peake ya rubuta, kuma a ciki dodon ba ya magana. Fim ɗin 1931 na James Whale, wanda Boris Karloff ya fito a dodon mai ƙusoshi a wuya, shi ma gurnani kawai ya bar masa. Ya kuma ƙara abin da babu a littafi: yaron aikin Frankenstein ya je sato ƙwaƙwalwa, ta kirkin ta faɗi ta fashe, sai ya ɗauko ta wani mai laifi. Shi ke nan, mugunta ta zama ta jini, kuskuren kuma ya koma kan yaron gida. Karloff ya yi ƙoƙari, fuskarsa tana ba da tausayi, amma wanda ba ya magana ba ya iya tuhumar ubangidansa.

Dodo marar baki ya fi daɗin sha'ani. A littafin Dracula na Bram Stoker, na 1897, labarin yana zuwa ne ta wasiƙu da littattafan ajiyar bayanan masu farautarsa, shi ba a ba shi babi ko ɗaya ba, don haka mai karatu yana bin sawunsa da zuciya ɗaya. Dodon tatsuniyoyinmu ma haka yake, yana haɗiye mutane a farke cikinsa su fito, ba mai tambayar wa ya haife shi. Mary ce ta ɓata wannan jin daɗin, ta sa dole ka zauna ka ji ta bakin abin da kake tsoro, alhali ka san ya kashe yaro.

Shi kuwa Victor har ya mutu bai gane ba. A jirgin Walton, ƙanƙara ta datse su, wasu ma'aikata sun mutu, sauran suka ce in hanya ta buɗe a juya gida. Victor, yana kwance rai a hannun Allah, ya yunƙura ya yi musu huɗuba kan ɗaukaka da kunyar komawa a matsayin matsorata. Ko darasin guje wa dogon buri da ake cewa shi ne saƙon littafin bai zauna masa ba. Walton ne ya saurari mutanensa ya juya.

Daf da cikawarsa ya ce ya binciki abin da ya aikata, bai ga abin zargi ba. Ya amsa cewa jin daɗin abin da ya haɗa yana wuyansa, amma ya ce haƙƙin 'yan Adam ya fi wannan girma, sannan ya roƙi Walton ya ƙarasa masa kisan. Wato aikin ƙarshe ma wani yake so ya ɗora wa. Akwai ƙanensa ɗaya da ya tsira daga duk wannan, Ernest, wanda ya rasa uba da ƙane da Elizabeth da suka tashi gida ɗaya. Victor ya bar shi a Geneva ya bi dodon, kuma a jawabinsa na ƙarshe ko sunansa bai ambata ba.